Kwana Shida a Garin Maradona

Ranar da na gaya wa uwargida cewa kuɗin da nake tarawa shekara uku na tafiya Ajantina ne, shiru ta yi tana kallona, can ta ce, "Maigida, mutane suna tari su koma Umra, kai kuma garin 'yan ƙwallo za ka?" Ban musa mata ba, don gaskiyarta ta faɗa. Ciwon ya daɗe a jikina. A 1994, ina ɗan sakandare, mun cika zauren wani maƙwabcinmu a Fagge da daddare muna kallon wasan Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya. Samson Siasia ya fara jefa musu ƙwallo, muka yi ta ihu, sai Caniggia ya rama har biyu. Da aka tashi, wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Maradona ta fita da shi daga fili zuwa gwajin ƙwaya, kuma daga wannan ranar bai sake buga wa ƙasarsa wasa ba. Tun a zauren nan na ƙudurta wata rana sai na ga garin da ya haifi irin wannan mutum.

Wata biyu na yi ina shiri. Biza a Abuja ake nema, da takardar banki ta wata shida, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, sannan a yi maka tambayoyi baki da baki. Tikiti ya ci kusan dala 1,900, wato ya tasam ma naira miliyan 3 a canjin watan Agustan 2024. Katin bankina na naira ba ya aiki a waje a lokacin, don haka na je Wapa na sayi dala. Abin da na fi ɓata wa lokaci shi ne jadawali. Na buɗe taswirar Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a waya, na zaɓo wurare 23, na rarraba su kwana shida bisa kusancinsu da juna, har da ƙarfe nawa zan shiga da ƙarfe nawa zan fito. Na buga shi a takarda biyu, na ji kaina wani babban mai tsari.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi ranar Litinin a jirgin Habasha, muka kwana a Adis Ababa, da safe muka hau babban jirgi. Awa goma sha biyu muna sama kafin mu yada zango a São Paulo ta Birazil, inda akasarin fasinjoji suka sauka, sannan muka ƙara kusan awa uku. Ban taɓa sanin zama na iya gajiyar da mutum kamar noma ba sai ranar.

Mun sauka a filin jirgin Ezeiza da daddare. Jami'in shige da fice ya juya koren fasfona, ya tambayi inda zan kwana da ranar da zan koma, ya ɗauki hotona da zanen yatsa, ya ce in wuce. A wajen binciken kaya aka kama ni. Kowace jaka sai ta bi ta na'ura, tawa tana fitowa wata jami'a ta ɗaga hannu. Ta zaro ƙunshin kilishin da Hajiya ta sa aka yi mini musamman, ta shinshina, ta tambayi mene ne. Na ce nama ne busasshe. Ta girgiza kai cikin ladabi, ta nuna mini allon da ke cewa ba a shiga ƙasar da nama ko madara ko ɗanyun kayan gona. Laifina ne, ban karanta ba. Ƙasar da arzikinta ya dogara da shanu ba za ta yi wasa da cutar dabbobi ba, kuma ni ma da nawa ne haka zan yi. Amma ganin kilishin dubu ashirin yana faɗawa kwandon shara, sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Yajin da na ƙulla a leda ta bar mini shi.

Ina fita waje sanyi ya mare ni. Na baro Kano ana tsakiyar damina, na tarar da su a ƙarshen hunturu, domin a kudancin duniya lokutan shekara a juye suke. Na san haka a karatu, amma rigar sanyin da na ɗauko ta harmatan ɗin Kano ce, ba ta yi mini komai ba. Tasi ya kai ni unguwar Monserrat a kan kimanin dala 30, wani ƙaramin otal mai tsohon bene, dala 45 kowane dare. Abin da ya fara faranta mini rai a ƙasar banɗaki ne. Na ɗauko buta tun daga gida ina tunanin irin wahalar Turai, sai na tarar kusa da masai akwai wani kwano na musamman mai feso ruwa don tsarki, kuma kusan kowane gida haka yake. Abin da ya ɓata mini kuwa soket ne: nasu ramukan a karkace suke, cajata ba ta shiga, sai da aka ara mini mahaɗi.

Da safe na sauko da takarduna biyu na nuna wa dattijuwar da ke karɓar baƙi, don ta gaya mini motar da zan hau. Ta sa tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa, sai ta fara dariya. Da guntun Turancinta da manhajar fassara ta wayata muka fahimci juna. Ta ce, "Señor, ka sa Plaza de Mayo yau Laraba, ba za ka ga kowa ba sai tattabaru. Ka sa San Telmo ranar Juma'a, titi kawai za ka gani. Ka sa gidan tarihi ranar Litinin, a rufe yake." Ta ɗauki biro ta bi jadawalina tana sokewa, ta juya bayan takardar ta rubuta ranakun mako, kowace rana wuri ɗaya tak. Nan take na gane abin da take nufi, har kunya ta kama ni. Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ba a zuwa Wudil sayen sa sai Juma'a, ba a zuwa Maigatari sai Alhamis. Ni da na san wannan tun ina yaro, na zauna na tsara birni guda da ma'aunin nisa, na manta cewa kowane gari yana da ranakun cinsa. Na ce, "Mama, na gode," na ninke tawa takardar na sa a aljihu.

Laraba ta ba ni ita ce ranar kuɗi da koyon hanya. Titin Florida na masu tafiya da ƙafa ne zalla, kuma ban yi taku hamsin ba na fara jin "cambio, cambio, cambio" ta kowane ɓangare. 'Yan canji ne, a tsaye a bakin shaguna, suna kiransu arbolitos, wato ƙananan bishiyoyi, saboda a dashe suke wuri guda, ganyensu kuma koren dala. Wallahi sai na ji kamar a Wapa nake, bambancin kawai babu mai ce mini "Alhaji, kawo mu gani." A wancan makon dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai peso 1,000 ba, a bayan fage kuwa, wadda suke kira dalar blue, ta haura 1,200. Har tsirfar ma iri ɗaya ce: sabuwar takardar dala 100 mai babban kai ta fi tsohuwa mai ƙaramin kai daraja. Ban bi kowa lungu ba, wani shago da Mama ta kwatanta mini na je. Mai shagon yana ƙirga kuɗi yana ba ni labarin tsadar rayuwa, cewa a 2023 farashin kaya ya tashi da kashi 211 cikin 100, shi ya sa duk wanda ya samu rarar peso sai ya maida ta dala ya ɓoye a gida. Na ce masa mu ma a Najeriya mun san wannan karatun. Ya ce to ai 'yan uwa ne mu.

A cikin kuɗin da ya miƙo mini akwai sabuwar takardar peso 10,000 da aka fitar a 2024, na ga hoton baƙar mace a kai kusa da Janar Manuel Belgrano. Sunanta María Remedios del Valle, ta yi yaƙin neman 'yancin ƙasar a rundunar Belgrano, ana yi mata laƙabi da uwar ƙasa. Na daɗe ina kallon hoton, domin tun safe nake yawo ban haɗu da baƙar fata ko biyar ba.

Daga nan na sayi katin SUBE, wanda da shi ake hawa bas da jirgin ƙasa da jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira subte. Layinsa na farko tun 1913 aka buɗe shi, kuma a lokacin hawa ɗaya bai kai dala ɗaya ba. Na fito a Obelisco, doguwar hasumiyar da aka gina a 1936, mai tsawon mita 67 da rabi, a tsakiyar titin 9 de Julio. Faɗin titin nan ya isa a yi unguwa a cikinsa. Sau biyu danja ta tsayar da ni kafin in gama tsallakawa.

Abinci ne ya ba ni wuya a kwanakin farko. Naman alade yana ɓuya a wuraren da ba ka zato, a cikin burodi, a cikin fanke mai ciki da suke kira empanada, a cikin tsiran choripán da ƙamshinsa ke cika titi. Kalmomin Sifaniyanci na farko da na haddace su ne "sin cerdo" da "sin jamón", wato ban da naman alade. Akwai masu cin naman shanunsu a matsayin yankan Ahlul Kitabi, ban ce sun yi laifi ba, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, sai na tsaya a kan empanada mai masara da wata fiza mai albasa da cuku da ake kira fugazzeta. Ga kuma lokacin cin nasu. Na shiga wani gidan abinci bayan Magariba, ƙarfe bakwai, na tarar ana jera kujeru, aka ce in dawo takwas da rabi. Ƙarfe goma na dare za ka ga iyali da jarirai sun zauna cin tuwon darensu, lokacin da a gidana an daɗe da rufe ƙofa.

Alhamis, ƙarfe uku da rabi na yamma, ina Plaza de Mayo kamar yadda Mama ta rubuta. Fadar shugaban ƙasa, Casa Rosada, tana gefe guda da fentinta ruwan hoda, amma ba ita na zo gani ba. A ƙasa, kewaye da wata farar hasumiya, an zana fararen ɗankwalaye. Can sai ga su, tsofaffin mata 'yan kaɗan, wasu a keken guragu ana tura su, kowace da farin ɗankwali, jama'a na biye da su suna zagaya hasumiyar a hankali. Ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, taron yana amsawa da "presente", wato yana nan. Iyaye mata ne waɗanda gwamnatin soja ta 1976 zuwa 1983 ta sace wa 'ya'ya, ba gawa ba kabari. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa mutum 30,000 ne suka ɓace. A ranar 30 ga Afrilun 1977 matan suka fara taruwa a nan. Soja sun hana taro, 'yan sanda suka ce musu su yi gaba kada su tsaya, su kuwa sai suka kama tafiya a da'ira, ba su tsaya ba kuma ba su tafi ba. Wadda ta fara haɗa su, Azucena Villaflor, ita ma an sace ta a ƙarshen wannan shekarar, sai a 2005 aka gano gawarta, aka binne tokarta a gindin hasumiyar. A lokacin da na je, shekara 47 ke nan kowace Alhamis. Na tsaya a gefe hannuna a aljihu saboda sanyi, ina tuna matan Chibok, da na ƙauyukan Zamfara da Katsina waɗanda ba a ma san adadinsu ba. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da na bi jadawalina, da na zo jiya na ɗauki hoton tattabaru na tafi.

Juma'a na hau layin D zuwa Palermo, inda Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad take. Saudiyya ce ta gina ta a kan filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, aka buɗe a 2000, da hasumiyoyi biyu da fili mai faɗi da makaranta. An yi huɗuba da Larabci da Sifaniyanci. A sahu akwai jikokin Siriyawa da 'yan Labanan da suka zo tun fiye da shekara ɗari, waɗanda har yau ake ce wa turcos saboda da takardun daular Usmaniyya kakanninsu suka shigo, akwai 'yan ƙasa da suka musulunta, sai kuma baƙaƙen da na kwana uku ina nema. Kusan dukkansu 'yan Senegal ne. Bayan sallama wani dogo ya kalli hulata ya ce, "Sannu, ina kwana?" da rana tsaka. Iyakar Hausarsa ke nan, da "lafiya lau" da "nawa ne", ya tsince su a Yamai shekarun baya. Da guntun Faransancina muka ƙarasa. Ta Birazil ya shigo ƙasar a mota, yana sayar da tabarau da agogo a bakin titi a unguwar Once, kullum ido ɗaya a kan kaya ɗaya a kan 'yan sanda. Ya ce, "Alaji, yau ba za ka ci burodi ba." Ya kai ni ɗakin da suke haya su shida, aka sauke tire guda na shinkafa da kifi, muka sa hannu. Na zaro yajina, aka yi ta santi. Na yi ƙoƙarin ba shi wani abu da zan tafi, ya ɓata rai, dole na mayar aljihu.

Su ne suka kwatanta mini gidan gashi na halal, inda a daren na ci naman da ake ta ba da labari. Gaskiya a faɗe ta, naman shanunsu ya fi namu taushi nesa ba kusa ba, saniyar da ba ta taɓa takawa daga Sakkwato zuwa Legas ba dole ta yi laushi. Yanka guda ya cika faranti, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Sai dai gishiri kaɗai suke sa masa, sai wani haɗin ganye da tafarnuwa da mai da ake kira chimichurri a gefe. Kuma in ba ka ce a gasa sosai ba, da ja a ciki za a kawo maka. Mai tsiren bakin Kofar Mata da za a ba shi irin wannan nama, da an rufe gasa a duniya.

Asabar ta La Boca ce, abin da ya kawo ni. Bas ya sauke ni kusa da Caminito, lungun gidajen kwano masu fenti kala-kala inda 'yan ci-rani daga Italiya suka fara zama a bakin tashar jiragen ruwa. Wurin ya zama na 'yan yawon buɗe ido, ana rawar tango a ƙofar gidajen abinci, mace da namiji a manne, na kau da kai na wuce. Mama ta ja mini kunne kada in bar titunan da jama'a suke, na kuwa kiyaye. Filin La Bombonera na ƙungiyar Boca Juniors, wadda Maradona ya buga wa wasa, yana tsakiyar gidajen talakawa, shuɗi da rawaya, an buɗe shi a 1940, gefe uku a tsaye kamar za su rufto maka, gefe ɗaya a miƙe kamar bango. Tikitin wasa na 'yan ƙungiya ne masu rajista, don haka na haƙura da gidan tarihin kulob ɗin da zagayen fili. Hoton Maradona yana kowane bango, wani da fukafukai, wani da rawanin haske a ka. Tun rasuwarsa a Nuwamban 2020 abin ya wuce so ya koma wani abu da ni Musulmi ba zan iya bin su ba, na dai tsaya a kan ƙafarsa ta hagu.

Wani tsoho mai sayar da riguna ya tambaye ni ƙasata. Da na ce Najeriya sai ya ɗaga yatsu biyar yana dariya: 1994, 2002, 2010, 2014, 2018, sau biyar muna haɗuwa a kofin duniya, sau biyar suna cin mu. Na tuna masa wasan ƙarshe na Olamfik da muka ci su, na ce masa "Atlanta, 1996, uku da biyu." Ya dafe ƙirji kamar na soke shi. Can ya ce, "Musa! Dos goles!" Ashe bai manta ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya jefa musu a 2014 ba. Na ce masa a ƙungiyar garinmu, Kano Pillars, yaron ya yi suna kafin ya tafi Turai. Sai ya zuba ruwan zafi daga fulas a cikin wani ɗan ƙoƙo cike da ganye, ya miƙo mini da tsinken ƙarfen da shi ma ya gama zuƙa da shi. Wannan shi ne mate, ƙoƙo ɗaya ake zagayawa da shi kamar shayin Buzaye, kuma ƙin karɓa rashin ladabi ne. Na zuƙa. Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Da za mu rabu ya jawo ni ya manna kuncinsa a nawa, haka mazansu ke gaisawa, na sandare kamar an dasa ni.

Lahadi titin Defensa ya cika tun daga Plaza de Mayo har dandalin Dorrego a San Telmo, tsofaffin agoguna, kwalaben soda, wuƙaƙen makiyaya, jakunkunan fata. Na duba ɗinkin fatar da idon ɗan Kano, aikin yana da kyau amma jimarmu ba ta jin kunyarsa. Da yamma matasa suka fito da ganguna suna kiɗan candombe, wanda bayin da aka kawo daga Afirka suka bari. A ƙidayar 1778 kusan kashi uku cikin goma na mutanen birnin baƙaƙe ne. Yau masu dukan gangar kusan duk farare ne. A cikin cunkoson ne na ji wani abu mai sanyi ya zubo mini a kafaɗa, nan take wata mata ta matso da tsumma tana nuna sama wai tsuntsu ne, wani namiji kuma yana cewa in ajiye jaka a goge mini. Wanda ya yi yawo a Kantin Kwari ba a yi masa wannan. Na rungume jakata na yi gaba, na wanke rigar a otal.

Litinin da safe na je maƙabartar Recoleta, baƙo yana biyan kuɗin shiga. Gari ne guda na matattu, da tituna da gidajen marmara masu ƙofar gilashi, kana hango akwatunan gawa a jere a ciki. Kabarin Eva Perón, matar tsohon shugaban ƙasa Juan Perón, wadda ta rasu a 1952 tana da shekara 33, yana wani siririn lungu a ɗakin dangin Duarte, mutane sun yi layi suna saƙala furanni. Ban daɗe ba. Na tuna kabarin mahaifina, tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya, na yi masa addu'a a can, na fito.

A cikin wurare 23 da na rubuta, goma sha ɗaya na gani. Tigre da jiragen kwale-kwalenta, da gidan wasan Colón, da sauran, suna nan a takardar da na ninke. Da na je sallamar Mama ta karɓi takardar ta rubuta a ƙasa cewa in na dawo in zo a watan Nuwamba, lokacin da bishiyoyin jacarandá ke fitar da shuɗin fure a titunan birnin.

Na iso Kano ranar Laraba ana yayyafi, da rigar Boca ta yara, da gwangwani biyu na madarar dulce de leche, da ƙoƙon mate da ganyensa kilo guda. Bayan Isha'i na haɗa shi yadda tsohon nan ya nuna mini, na miƙa wa Hajiya. Ta zuƙa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta miƙa wa uwargida ta ce, "Karɓi ki ji abin da suka ba shi a madadin kilishina."